Maɗaurin Faranti Ko Matokarin Takarda: Wanne Ya Kamata Ka Fara Dubawa A Injin Bugu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin injin ofset da madubin ƙara girma a hannu ya san wannan ɓacin ran. Ka zaro takarda, ka sunkuya kan 'yar alamar gicciyen da ke gefe, wadda ke nuna ko launuka sun hau kan juna, maimakon siririn layi ɗaya sai ka ga huɗu: shuɗi ya leƙo ta hagu, ja ya zame ƙasa, rawaya tana can tana yawonta. Ka gyara, ka sake zarowa, ya zauna. Bayan takarda ɗari biyu ya sake gocewa. A nan ne mutum kan fara zargin tawada, ko ruwa, ko mai haɗa faranti, alhali sau da yawa laifin yana jikin wasu 'yan ƙarafa ne da yawancinsu ba su kai tafin hannu ba.

Ƙarafan nan gida biyu ne. Akwai masu riƙe farantin bugu (siririn fallen alminiyum mai ɗauke da hoton da za a buga, kowane launi da nasa) a jikin silinda, wato maɗauri da turakunsa, akwai kuma masu tsayar da takarda a wuri ɗaya kafin inji ya ɗauke ta, wato matokaran gaba da na gefe. Mai shirin sayen inji, sabo ko na hannu, da wanda yake da inji amma ƙarfinsa bai wuce ya sabunta gida ɗaya ba, tambayarsu guda ce: wane iri zan zaɓa, kuma ta ina zan fara?

Kafin amsa, ya kamata a san girman abin da ake faɗa a kai. Aikin launi na yau da kullum ana yin sa da ɗigo-ɗigo layi 60 a kowace santimita, tazarar layi da layi kusan milimita 0.17 ke nan. Da zarar launi ya goce da rabin wannan, wajen milimita 0.08, ido mai lura zai fara ganin hoto ya yi hazo, ƙananan haruffa farare a cikin launi mai duhu kuma su fara cikewa. Takardar rubutu mai giram 80 kaurinta kusan milimita 0.1 ne. Wato kuskuren da ke ɓata aiki bai kai kaurin takardar da ake bugawa a kai ba.

Sau nawa takarda ke shiga injinka?

A ganina wannan tambaya ita ce ke raba gardama, kuma ita ce masu saye suka fi tsallakewa.

Idan injinka mai launi huɗu ne a jere, sau ɗaya ake daidaita takarda. Matokarai su tsayar da ita, yatsun kamu, wato 'yan ƙarafan da ke kama goshinta, su damƙe ta, daga nan sai miƙa ta ake yi hannu zuwa hannu har ta fita. Ko da matokarin gefe ya yi kuskuren rabin milimita, launukan huɗu tare za su goce, suna nan a kan juna daram. Ɓarnar ba za ta bayyana ba sai wajen buga baya, ko wajen yanka da ninki. A irin wannan inji, abin da ke hana launi hawa kan launi tun farkon aiki shi ne yadda aka ɗaura farantan nan huɗu. Hankalinka ya fi karkata ga maɗauri da turaku.

Idan kuwa mai launi ɗaya ne ko biyu, kana mayar da takarda sau biyu ko huɗu kafin aikin launi ya kammala, labari ya sha bamban. Kowace shiga sabon daidaitawa ce. Takardar da ta tsaya daidai a zagayen shuɗi, ta gaza isa matokari da ɗan kaɗan a zagayen ja, ta lalace ke nan, kuma babu dabarar ofareta da za ta dawo da ita. Faranti ko ya karkace ana iya gyara shi sau ɗaya ya zauna har ƙarshen aiki. Matokari mai wasa kuwa kowace takarda da irin nata kuskuren. Mai irin wannan inji, matokarai ne ransa.

Maɗauri iri-iri

Mafi tsufa shi ne mai noti. Sandar ƙarfe ce doguwa a cikin ramin silinda, ɗaya ta riƙe goshin faranti, ɗaya ta riƙe wutsiya, ana ɗaure su da jerin notuna ɗaya bayan ɗaya. Ba na raina shi ko kaɗan. Ba ya buƙatar iska ko lantarki, yana karɓar faranti mai kauri 0.15 ko 0.30 ba tare da gardama ba, kuma idan ya lalace kowane makaniki mai hankali zai gane ciwonsa. Aibinsa biyu ne: cin lokaci, da dogaro ga hannun mai ɗaurewa. Mutum ɗaya ya fara daga tsakiya ya yi waje, kamar yadda ya dace, wani ya fara daga gefe ya tara kumburi a tsakiya. Wani ya matse har zaren noti ya cinye. Faranti huɗu, hannu biyu daban, sai ka samu matsi iri biyu.

Na biyu shi ne mai saurin kullewa. Maimakon jerin notuna, sanda ce mai doro a ciki, ka sa maɓalli ka murɗa sau ɗaya, bakin ya rufe gaba ɗaya da ƙarfi iri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan daidaiton matsi shi ne ainihin ribarsa, ya ma fi saurin muhimmanci. Sai dai an saita bakinsa ne a kan kauri ɗaya. Ka saita shi a kan faranti 0.30 sannan ka sa masa 0.15, zai rufe kamar ya kama, amma da aka fara gudu sai faranti ya riƙa zamewa a hankali, hoto yana tafiya ba ka san dalili ba. Haka kuma idan doron ya side a wuri ɗaya, wannan wurin ya daina riƙo. Gwajinsa mai sauƙi ne: yanka 'yan siraran faranti guda biyar ko shida daga tsohon faranti, jera su a bakin maɗaurin, kulle, sannan ka ja kowanne da filaya. Wanda ya zare cikin sauƙi ya nuna maka inda ciwon yake.

Na uku shi ne wanda inji ke taya mutum. Ofareta ya zura goshin faranti har ya zauna kan turaku, ya danna maɓalli, inji ya kulle da ƙarfin iska, ya juya silinda yana shafe farantin da rola, ya kama wutsiya ya ja. Tsarin Autoplate na kamfanin Heidelberg na Jamus irin wannan ne. Daga nan sai na huɗu, wanda inji ke cire tsoho ya saka sabo da kansa. Komori na Japan ya fito da nasa mai suna APC a 1990, daga baya kuma kamfanin Koenig & Bauer na Jamus ya kawo tsarin da kowace silindar faranti ke da motarta, ta yadda duka farantan ke canzuwa lokaci guda cikin wajen minti ɗaya.

To wa ke buƙatar wanne? Lissafin a buɗe yake. A ce injinka yana buga takarda 10,000 a awa. Aikin kwafi 500 minti uku ne na gudu. Idan ɗaura faranti huɗu da neman saiti suka ci maka minti ashirin ko talatin, to injinka tsayuwa yake yi, ba bugu ba, kuma mai yin irin waɗannan ƙananan ayyuka goma sha biyar a yini zai ga amfanin maɗauri mai aiki da kansa tun makon farko. Amma mai buga littafin makaranta kwafi 50,000, wanda faranti ɗaya zai yi awa biyar a jikin silinda, mintunan da zai rage ba su taka kara sun karya ba. Gara ya riƙe mai saurin kullewa, ya huta da bututun iska masu yoyo da na'urorin ji masu ɗaukewa.

Akwai abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Maɗauri mai aiki da kansa ba ya yafe kuskure. Yana son faranti mai girma daidai, mai kauri daidai, mai huda daidai, yawancinsu kuma suna son a lanƙwasa wutsiya a kan kusurwa ta musamman da na'urar lanƙwasa tasu. In ka sayi injin na hannu aka manta ba a haɗo maka da wannan na'ura ba, ka sayi wahala. Ka tambaye ta tun kafin a ɗora inji a mota.

Turaku da huda

Nan ne nake so in daɗe, domin a nan ake samun riba mafi yawa da kashewa mafi ƙanƙanta.

A cikin maɗaurin goshi akwai 'yan turaku biyu na ƙarfe. A goshin faranti kuma ana huda gurbi biyu da za su hau kansu. Idan hoton kowane launi yana wuri ɗaya daga waɗannan gurabe, kuma turakun kowace silinda suna wuri ɗaya, to farantan huɗu za su hau kusa da saiti tun takardar farko, sai ɗan taɓawa kawai. Tsarin turaku da huda mai suna Bacher na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa. Tazarar turakun ta danganta da inji: a injinan Heidelberg masu faɗin santimita 52 da 74 an fi samun milimita 425, a masu faɗin 102 kuma milimita 780. Na'urar hudar da ba ta dace da tazarar injinka ba ba ta da amfani gare ka ko da kyauta aka ba ka.

Ka ɗauki faranti da aka huda ka duba da kyau, za ka ga guraben biyu ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya gindinsa zagaye ne, ya rungume turke tsam. Ɗayan mai kusurwa huɗu ne, ya ɗan fi turken faɗi. Da gangan aka yi haka. Alminiyum yana miƙewa da zafi, kusan milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin turaku masu tazarar 780, bambancin digiri goma tsakanin ɗakin haɗa faranti da jikin inji ya kai kusan milimita 0.18. Da guraben biyu duk matsattsu ne, da farantin ya kumbura a tsakiya ko ya ƙi zama. Saboda haka mai zagayen shi ke tsayar da faranti ta hagu da dama, mai kusurwar kuma ya ba shi wurin numfashi, su biyun tare su tsayar da shi ta gaba. Na sha ganin wanda ya ɗauki wannan sararin a matsayin lalacewa, har yana neman a cike masa shi.

Hudar kanta hanya uku ake yin ta, kuma ba ɗaya suke ba. Mafi inganci ita ce wadda na'urar zana faranti daga kwamfuta take yi a cikinta, ta huda sannan ta zana hoton ba tare da farantin ya motsa ba. Tun ran gini tun ran zane. Mai bi mata ita ce na'urar huda mai kyamara, wadda ke neman alamomin da aka zana a jikin faranti ta daidaita kanta da su kafin ta huda. Ta ƙarshe ita ce ta hannu, wadda ake jingina gefen faranti da matokarai a taka ko a danna. Wannan ma tana aiki lafiya, da sharaɗin wuraren da take jingina faranti su zama daidai da wuraren da na'urar zane ta jingina shi. Gefen faranti ba ya rasa ɗan lanƙwasa daga masana'anta. In wannan na'ura ta taɓa shi a nan, waccan ta taɓa shi a can, kowane faranti da irin karkatar da zai fito da ita.

Wata rana na yi kusan yini guda ina fama da wani inji mai launi huɗu da baƙinsa kullum ke fitowa a karkace, gefe ɗaya sama da ɗaya. Mun kwance, mun ɗaura, mun canza faranti har sau biyu. Da yamma na sa farce na shafa turken dama na wannan silinda, sai na ji gefensa ya zama fili, kamar an goga shi da magagari. Shekaru ana buga masa bakin faranti har ya side. Turken bai kai kan ɗan yatsa ba, canza shi bai ci minti goma ba. Tun daga ranar, kafin in buɗe komai, turaku nake fara shafawa. Haka ma haƙoran na'urar huda: idan suka dakushe sai su bar ƙaya a bakin gurbi, ƙayar ta hana faranti zama har ƙasa. Wasu injinan turakunsu suna da 'yar fitila da ke kamawa idan faranti ya taɓa su duka biyu, kuma abu ne mai amfani ƙwarai ga wurin da ke da sababbin ma'aikata.

Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana. Maɗauri mai noti da turaku masu lafiya da huda mai kyau ya fi maɗauri mai saurin kullewa wanda ba shi da su. Saurin kullewa minti biyu zai rage maka, turaku kuwa su ne ke rage neman saiti da tarin takardun gwaji.

Sai maganar wutsiya. Takarda idan ta sha ruwa da matsi tana buɗewa ta baya kamar mafici, launin farko ya fi na ƙarshe faɗi a wutsiya. Maɗaurin wutsiya mai rabe biyu ko uku yana ba ka dama ka ɗan buɗa farantin ta gefe ya bi takardar. Mai babban inji da ke buga siririyar takarda ya nemi wannan. A ƙaramin inji bai zama dole ba. Amma kada a mai da jan faranti ya zama maganin kowace cuta, domin alminiyum idan ya miƙe ba ya komawa, in aka matsa masa kuma sai ya tsage a bakin maɗauri ana tsakiyar aiki. Idan tsawon hoto ne bai dace ba daga goshi zuwa wutsiya, cikon ƙarƙashin faranti ake dubawa, wato shimfiɗar da ake sawa tsakaninsa da silinda: ƙara ciko yana gajarta hoto, ragewa yana tsawaita shi. Shi ya sa ake so zaren takarda, wato jijiyoyin da ke jikinta, ya kwanta tare da tsawon silinda, domin takarda ta fi kumbura ta ƙetaren zarenta, kuma kumburin da ya bi zagayen silinda shi ne ake iya bi da ciko.

Inda takarda ke tsayawa

Wuri uku ke tsayar da takarda: biyu a gaba, ɗaya a gefe. Babban inji yana da matokaran gaba da yawa a jere, amma a yawancin aiki biyu ne ya kamata su taɓa takardar, sauran a ja su baya kaɗan. Kujera mai ƙafa uku ba ta rawa ko ƙasa ba ta daidaita ba, haka takarda mai matokari uku. Ka sa huɗu su taɓa goshinta, in yankan bai miƙe sosai ba, wannan takarda ta jingina da waɗannan biyu, mai bi mata ta jingina da waɗancan.

A matokaran gaba babu wani zaɓi mai yawa, lafiyarsu ce abin dubawa. Takarda mai sheƙi tana ɗauke da alli da farar ƙasa a fuskarta, bakinta kuwa kamar zarto yake ga ƙarfe. Bayan miliyoyin takardu sai ka ga ta haƙa siririn kwari a fuskar matokari, goshin takarda ya riƙa faɗawa ciki wani lokaci, wani lokaci ya tsaya a bakinsa. Kowane matokari kuma yana da 'yar hula a sama da ke hana goshin takarda tashi. In ta yi ƙasa da yawa takarda ba ta isa, in ta yi sama goshin ya nannaɗe. Duk lokacin da aka canza kaurin takarda sai an sake saita ta.

A matokarin gefe ne zaɓi yake, kuma iri huɗu ne.

Mai turi yana tura takarda daga gefe zuwa wurinta. Shi ake samu a ƙananan injina masu miƙa takarda ɗaya-ɗaya, irin GTO da Heidelberg ya fito da shi a 1972. Ba shi da tarkace, ba ya taɓa fuskar bugu, kuma a kan kati ko takarda mai ƙwari aikinsa ba laifi. Siririyar takarda ce ba ya jituwa da ita. Ka tura mayafi daga gefe ɗaya ka gani, lanƙwashewa zai yi maimakon ya matsa. Idan takardar tana da faɗi kuma ba ta da nauyi, turin yana ƙarewa a kumburi.

Mai ja da 'yar taya shi ya fi yawa a injina masu miƙa takardu a goye da juna. Tayar ta sauko ta danne takarda a kan wata sanda ko taya da ke ƙasa, a ja ta wajen milimita biyar har gefenta ya daki matokari, sannan tayar ta zame a kanta. Dukan sirrin yana cikin sifirin ɗin da ke danna tayar. Ya yi ƙarfi, gefen takarda ya murƙushe ko ya hau kan matokari. Ya yi sanyi, takarda ta tsaya a hanya. Shi ya sa yake zuwa da sifirin fiye da ɗaya, na siririyar takarda daban, na kwali daban, kuma ofaretan da ba ya canza su yana cutar kansa. Ja ya fi turi a kan takarda marar ƙwari, domin abin da ake ja miƙewa yake yi. Aibinsa shi ne tabo. Tayar tana iya barin sawu a kan takarda mai sheƙi, a zagaye na biyu kuma tana iya taka tawadar da ba ta gama bushewa ba.

Mai ja da iska ya zo ne domin wannan tabon. Wani ɗan faifai mai ƙananan ramuka ne a ƙasa, ya tsotse takardar ta ciki ya ja ta, babu abin da ke danna ta daga sama. Ƙarfin jan kuma da iska ake ƙara shi ko a rage, a injina da yawa ma daga teburin sarrafawa, ba sai an tsaya canza sifirin ba. Ga mai aikin kwalin kaya, ko takarda mai tsada da ba ta son taɓawa, shi zan zaɓa. Amma a san halinsa. Takarda mai yawan ƙofofi iska na ratsa ta, kamun ya yi rauni. Hodar da ake fesawa don hana takardu mannewa tana toshe ramukan, musamman a zagaye na biyu. Ƙarfinsa kuma na famfon iska ne, ranar da famfo ya gaji shi ma ya gaji. Wurin da ba a share inji a kan kari, mai taya ya fi jure musu.

Na huɗu ma ba matokari ba ne. Koenig & Bauer ya nuna shi a 2004 a kan injin Rapida 105, da sunan SIS. Na'urar gani ce ke auna inda gefen takarda yake, sai yatsun kamu su matsa da ita gefe yayin da take tafiya. Dalilin ƙirƙiro shi lokaci ne. A gudun takarda 15,000 a awa, kowace takarda tana da daƙiƙa 0.24 ne kacal, a cikinsa za ta iso, ta daki matokaran gaba, ta natsu, a ja ta gefe, a kama ta. In aka cire jan gefe daga lissafin, sai ta samu ƙarin lokacin natsuwa a gaba. Abu ne mai kyau, amma da inji ake sayensa, ba a ɗora shi a kan tsoho.

Kowane iri ka zaɓa, ka tabbata na hagu da na dama duka suna aiki. Idan aka kifa takarda domin buga bayanta, gefen da aka jingina da farko ya koma ɗaya hannun, dole a bi shi da ɗaya matokarin. Injinan hannu da yawa za ka tarar na gefen ofareta yana sheƙi, na can ɓangaren kuwa tsatsa ta riƙe shi don an shekara ba a taɓa shi ba. Mai irin wannan inji yana buga gaba da gefe ɗaya, baya da wani gefen, kuma duk bambancin faɗin da ke tsakanin takarda da takarda sai ya fito a aikinsa.

Yatsun kamu kuma kada a manta da su. Suna riƙe wajen milimita goma na goshin takarda, kuma idan matashinsu ya side ko sifirin ɗinsu ya saki, takardar da matokarai suka tsayar daidai za ta zame a hannunsu. Alamar hakan ita ce ɗigo ya riƙa fitowa da inuwa a gefensa, launi yana canzawa daga takarda zuwa takarda.

Idan aka zo sayen kayan canji, ga yadda nake rabawa. Turaku, fuskar matokaran gaba da matashin yatsun kamu, na asali nake nema, domin taurin ƙarfensu da daidaiton awonsu shi ne aikinsu gaba ɗaya, kuma ido ba ya bambanta mai kyau da marar kyau sai bayan watanni. Tayoyin teburin miƙa takarda, burushi, robobin tsotso da bel, waɗannan na wasu kamfanoni masu kirki suna wadatarwa.

Gwajin da zai nuna maka gaskiyar inji

Gani ya kori ji, kuma wannan gwaji bai wuce awa ɗaya ba. Ka sa a haɗa maka faranti ɗaya mai siraran layuka a tsaye da a kwance, da alamar gicciye a kusurwa huɗu da tsakiya, da wani ɗan gajeren layi mai kauri da ya faɗa kan gefen takarda ta wajen matokari. Ka buga takarda ɗari biyu a gudun da za ka riƙa aiki da shi, ba a gudun rarrafe da mai sayarwa zai so ba. Ka dubi tarin ta gefe: gajeren layin nan ya kamata ya zana miƙaƙƙen zare daga sama har ƙasa. In ya yi zigizaga, matokarin gefe ne.

Sannan ka mayar da ɗari daga cikinsu, ba tare da taɓa komai ba, a sake buga musu abu ɗaya. Layin da ya hau kan ɗan'uwansa ya zama ɗaya, lafiya. Idan layukan tsaye suka rabu biyu, gefe ne. Idan na kwance suka rabu, gaba ne ko yatsun kamu. Idan suka rabu a kusurwa ɗaya kawai, matokarin gaba na wannan ɓangaren ne ko hularsa. Ka maimaita da ɗaya matokarin gefen, ka kuma maimaita da mafi sirantar takardar da kake amfani da ita.

Sauran ɗarin na faranti ne. Ka kwance farantin gaba ɗaya, ka sake ɗaura shi kan turaku, kada ka taɓa maɓallin saiti ko ɗaya, ka buga a kansu. Tunda ka riga ka san iyakar kuskuren takarda daga gwajin farko, duk abin da ya ƙaru yanzu na maɗauri ne da turaku. A inji mai launi huɗu, ka zagaya da wannan farantin a kowace silinda, ka rubuta inda gicciyen ya faɗa a kowacce. Ka tafi da takardarka da farantinka da madubinka, domin takardar da mai sayarwa zai ba ka ita ce wadda ya san injin yana so.